Gamba da jema: Ko ciyawa za ta iya wanke ƙasar da mai ya ɓata a Agye, Gazawa da Gidan Rumji?

Duk tankar man da ta taso daga matatar SORAZ ta Damagaram da niyyar zuwa Yamai, sai ta bi ta Gazawa, ta wuce Agye da Cadawa, ta ratsa Maraɗi, sannan ta ɓulla Gidan Rumji. Haka abin yake tun watan Nuwamban 2011, lokacin da aka buɗe matatar mai tace ganga 20,000 a kowace rana. A mafi yawan tsawon wannan hanya, taku kaɗan ne ya raba kwalta da gonakin hatsi, wake, gyaɗa da aya.

A ranar 1 ga Nuwamban 2023 kuma aka ƙaddamar da bututun da ke kai ɗanyen man Agadem zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme a Jamhuriyar Benin. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000, kuma ya ratsa jihohin Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso. Ke nan mai yana wucewa ta jihar Maraɗi a bisa kwalta, yana kuma wucewa ta ƙarƙashin ƙasa.

Maraɗi tana cikin jihohin da suka fi yawan jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum miliyan 3.4, kuma gado yana ta daddatsa gonaki, har ta kai magidanci da yawa ba su da inda za su koma idan gona guda ta lalace. Shi ya sa tambayar abin da za a yi da ƙasar da mai ya malala a kanta ta shafi tuwon gidaje kai tsaye.

Cikin hanyoyin da duniya ta gwada, akwai wadda talaka zai iya: a shuka ciyawa a wurin, a tsare ta, a bar saiwoyinta su yi aiki. Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji suna da ciyayin da suka cancanci a gwada, suna kuma da shekaru masu yawa na gogewa wajen farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Sai dai hanyar tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar na iya jawo wata ɓarnar.

Inda man yake fitowa

Fashewar bututu ce ta fi ɗaukar hankali. A watan Yunin 2024 wata ƙungiyar 'yan tawaye mai suna FPL ta ɗauki alhakin fasa bututun a yankin Tesker na jihar Damagaram, inda ɗanyen mai ya malala a daji. A watan Disamban shekarar an sake kai masa hari a jihar Doso.

Haɗarin tanka shi ma yakan cika labarai. Gobarar tankar da ta faɗi kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019 ta halaka fiye da mutum 50 nan take, ta garin Majiya a jihar Jigawan Najeriya kuma ta ci fiye da mutum 150 a watan Oktoban 2024. A irin wannan rana hankali yakan koma kan mamata da masu jinya, wanda haka ya dace. Amma bayan an janye ƙarafan motar, ba kasafai ake komawa a duba ƙasar da ta sha man ba.

Akwai kuma gurɓatar da ba ta shiga labarai, wadda ita ce ta yau da gobe. Baƙin man da makanikai ke juyewa daga babura da motoci, gazuwal ɗin da ke ɗiga daga injinan niƙa da na ban-ruwa a fadamu, da fetur ɗin da ke zuba a wuraren 'yan ruwa-ruwa masu sayarwa a kwalabe, duk ƙasa ce ke shanye su. Wasu kan shafa baƙin mai a katako don maganin gara, wasu su zuba a masai ko a kwata don korar sauro. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa man da aka juye daga mota ɗaya a canji guda zai iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha.

Abin da mai yake yi wa jigawa

Yawancin gonakin wannan yanki jigawa ne, wato rairayi mai saurin shanye duk abin da aka zuba masa. Idan mai ya sauka a kai, sai ya lulluɓe ƙwayoyin rairayin, ruwan sama ya riƙa gangarewa ba tare da ya jiƙa wurin ba. Yana toshe ƙananan ramukan da iska ke bi ta kai ga saiwa, iri ya ƙi tsira, wanda ya tsira kuma ya yi rawaya ya ƙanƙance.

Mai sauƙi irin fetur, wani kaso nasa yakan bi iska saboda zafin rana, sauran kuma ya nutsa da sauri. Ɗanyen mai da baƙin mai sun fi kauri, sukan daɗe a sama su daskare kamar kwalta. Haɗarin ya fi girma a kwarin Gulbin Kaba da ya bi ta yankin Gazawa da Agye, da kwarin Gulbin Maraɗi da ya bi ta Tsibiri da Gidan Rumji, domin a irin waɗannan wurare ruwan ƙasa ba shi da nisa, kuma a nan lambuna da rijiyoyin shayar da dabbobi suka fi yawa.

Ciyawa masauki ce, masu aikin suna cikin ƙasa

Mutane da yawa kan ɗauka ciyawar ce take tsotse man. A gaskiya mafi yawan aikin na wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya da fumfuna, waɗanda dama suna zaune a cikin ƙasa. Wasu daga cikinsu suna iya cin sinadaran mai a matsayin abinci, su farfasa su sannu a hankali har su koma ruwa da iskar kabon.

Abin da saiwa take yi shi ne ta ba su masauki mai kyau. Tana fitar da sukari da wasu sinadarai da suke ciyar da su, tana huda ƙasa iska ta shiga, idan tsofaffin saiwoyi suka ruɓe kuma su zama taki. Saboda haka yawan waɗannan halittu a jikin saiwa yakan ninka na ƙasar da ba komai a kanta sau goma ko fiye. Ciyawa ta fi yawancin tsirrai dacewa da wannan aiki saboda saiwarta siririya ce mai yawa kamar gashi, tana shiga kowane lungu na ƙasar sama. Tana kuma riƙe wurin, ta hana iskar hunturu da ruwan damina kwashe gurɓatacciyar ƙasar zuwa gonar maƙwabci.

Akwai sharaɗi guda: mai yana cike da kabon, amma ba shi da sinadarin naitirojin, wanda manomi ya sani a takin yuriya. Idan ba a ƙara taki ba, halittun sukan cinye ɗan abin da ke cikin ƙasar, aikin ya tsaya, ciyawar ma ta rasa. Shi ya sa takin gida, kashin kaji ko na shanu, yake cikin tsarin tun daga farko.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A 1990 wasu masu bincike biyu a jami'ar jihar Utah ta Amurka, Aprill da Sims, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ciyayin daji iri takwas. Sun gano cewa wasu sinadaran mai masu wuyar ruɓewa sun fi raguwa a ƙasar da aka shuka ciyawa fiye da wadda aka bari fili. Wannan aiki yana cikin waɗanda suka buɗe ƙofar bincike a fannin.

Gwajin da ya fi kusa da yanayin ƙasashe masu zafi shi ne na Benezuwela, wanda aka buga a 2005. An gauraya ƙasa da ɗanyen mai mai kauri kashi 5 cikin 100, wato giram 50 a kowane kilo, aka shuka dangin wake iri uku da ciyayi iri uku. Dangin waken duk sun mutu cikin mako shida zuwa takwas. Ciyayin sun rayu, kodayake ba su yi girman da suka saba ba. Biyu daga cikinsu, Brachiaria da wata 'yar'uwar aya, sun rage man ƙasar fiye da inda ba a shuka komai ba. Ta ukun ita ce tuji, wadda kowane yaron ƙauye a ƙasar Hausa ya san taurin saiwarta.

Wani gwajin da aka buga a 2006, shi ma a kan man Benezuwela, ya zo da gargaɗi. An gwada betiba, 'yar'uwar jema ta ƙasar Indiya, wadda Bankin Duniya ya tallata tun shekarun 1980 don hana zaizayar ƙasa. Ta jure man ta rayu, amma a cikin watannin gwajin ba ta sa man ya ruɓe fiye da ƙasar da ba ciyawa ba. Darasin shi ne, ganin kore a wuri bai isa hujjar cewa wurin ya wanku ba. Awon ɗakin bincike ne kawai zai tabbatar.

Ciyayin gida

Ba sai an shigo da iri daga waje ba, kuma shigo da shi yana da nasa haɗarin. Gambar da manoman Maraɗi ke darajawa, da aka kai ta Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo, ta zame musu annoba mai rura gobarar daji, har gwamnatinsu ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. A nan gida ma garmani ya nuna abin da tsiro guda zai iya yi idan ya mamaye makiyaya da burtali, ya kori ciyawar da dabbobi ke ci.

Gamba ce ta fi dacewa a fara gwadawa a jigawa. Ba ta mutuwa da rani, saiwarta tana nitsawa sosai, tana jure ƙasa marar ƙarfi, kuma manoma sun saba dasa ta a iyakokin gonaki don zana, jinka da rumbu. Jema ta fi son wuri mai laima, don haka fadamun gulabe ne mazauninta. Ƙiri-ƙiri tana shimfiɗa ta rufe ƙasa, ta dace da bakin gareji da gefen injin ban-ruwa inda ake samun danshi. Ƙyasuwa, komayya da ƙarangiya, waɗanda ake watsa irinsu a filayen da aka tumɓuke garmani, na damina guda ne, amma suna saurin rufe wuri kafin masu daɗewa su kafu.

Aya kuwa lamarinta daban ne. Jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta a Nijar, kuma Agye da Cadawa suna cikin wuraren da suka yi suna a kanta. Danginta suna da juriya, amma abin da ake ci a jikinta a cikin ƙasa yake kwance, kuma yana da maiƙo. Haka gyaɗa. Shuka su a ƙasar da mai ya taɓa daidai yake da ɗauko gubar a kai kasuwa.

Tsarin aikin bai fi ƙarfin ƙauye ba. Da farko a tare man da tudun ƙasa don kada ya yaɗu, a kwashe wanda ke kwance a sama zuwa durom, ba tare da an cinna masa wuta ko an kore shi da ruwa ba. Daga nan a kafce saman wurin kamar tsawon kamu guda, a gauraya da taki da ƙaiƙayi, a riƙa juyawa na wasu makonni har zafin man ya ragu. Idan damina ta kafu sai a dasa gindin gamba ko jema kusa da kusa, domin dashe ya fi iri jure wahala. A ƙarshe a kewaye da ƙaya.

Sai kuma haƙuri. Halittun nan ba sa aiki a busasshiyar ƙasa, damina kuma a wannan yanki wata uku ce zuwa huɗu. Abin da zai ɗauki shekara guda a kudu mai yawan ruwa zai iya cin damina uku ko fiye a Gazawa.

Iyakar da Ogoni ta nuna

Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a watan Agustan 2011 a kan ƙasar Ogoni a kudancin Najeriya ya nuna inda irin wannan hanya take gazawa. A wurare da dama an tarar mai ya nutsa aƙalla mita biyar. A unguwar Nisisioken Ogale an samu sinadarin benzin mai haddasa cutar kansa a rijiyoyin sha, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Rahoton ya soki dabarar kafce saman ƙasa a bar wa yanayi sauran aikin, domin man ya riga ya wuce zurfin da ake kafcewa. Ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, tare da dala biliyan ɗaya ta fara aiki.

Ma'ana, ciyawa tana aiki ne iyakar inda saiwarta ta kai, kuma a kan gurɓata mai sauƙi ko matsakaiciya. Inda bututu ya fashe mai ya yi tafki, ko tanka guda ta juye a fadama, sai an haƙe ƙasar da manyan injina, an kwashe ta zuwa inda za a sarrafa ta, an kuma auna ruwan rijiyoyin kewaye. Ciyawa a nan aikin ƙarshe ce, bayan an yi mai wuyar.

Baƙin man inji yana da ƙarin matsala. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma da tutiya, waɗanda babu wata halitta da ke iya ruɓar da su. Ciyawa za ta iya riƙe su wuri guda, amma suna nan. Don haka tsohon filin gareji bai dace da lambun latas ko filin wasan yara ba, ko da ya yi kore shar.

Tsaro ya fi shuka wuya

A yankin da buhun ciyawa yake zama kuɗi da bazara, koren gamba a tsakiyar fili kira ne ga kowace akuya da kowane mai lauje. Dabbar da ke kiwo a gurɓataccen wuri tana haɗiyar ƙasa tare da ciyawa, abin da ta ci kuma yana iya kaiwa ga nono da nama. Idan ba a tsare wurin ba, maganin zai zama hanyar da gubar za ta shiga abinci.

A nan ne gogewar yankin take da amfani. Tun 1983 aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi, dabarar barin tohon kututture ya girma a cikin gona, wadda Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya yaɗa tare da manoma, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. An ƙiyasta cewa dabarar ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar a Nijar. Ƙauyen Ɗan Saga a gundumar Agye ya yi suna a kanta, kuma sirrin nasararsa shi ne kwamitocin tsaro na ƙauye, waɗanda suka haɗa maza, mata da makiyaya, suka kafa doka da tara a kan mai saran itacen wani. Shirin PPILDA na asusun FIDA, wanda ya yi aiki a Agye a shekarun 2000, ya ƙarfafa wannan tsari. Al'ummar da ta iya tsare gawo da kalgo na shekaru za ta iya tsare ɗan filin gamba na damina uku.

Shigar da makiyaya tun farko wajibi ne. Gundumar Gidan Rumji ba ta manta da abin da ya faru a Toda a watan Oktoban 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan fiye da mutum 100, akasari mata da yara. Shinge a kan burtali ko kusa da mashaya, idan ba a yi shi da shawara ba, yana iya tayar da fitina. Hukumomin filaye na COFO, da dokar karkara ta 1993 ta samar, su ne wurin da ya dace a rubuta yarjejeniyar wane fili aka killace, saboda me, kuma har zuwa yaushe.

Wa zai biya?

Arhar ciyawa tana iya zama mafaka ga mai laifi. Kamfanin da mansa ya zuba zai so a ce an watsa iri, wuri ya yi kore, magana ta ƙare. Dokar muhalli ta Nijar mai lamba 98-56 ta 1998 ta ɗora nauyin gyara a kan wanda ya gurɓata, kuma akwai hukumar BNEE da ke sa ido a kan alƙawuran muhalli na manyan ayyuka. Manomin da mai ya shiga gonarsa yana da haƙƙin neman a auna ƙasar kafin gyara da bayansa, a kuma biya shi amfanin kowace daminar da bai noma ba. Hoton wurin tun ranar farko, da shaidar mai gari da jami'in gandun daji, su ne za su tsaya masa idan magana ta yi nisa.

A ɓangaren ilimi, kayan aikin suna kusa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, cibiyar binciken aikin gona ta INRAN tana Tarna. Gwajin gamba, jema, tuji da ƙiri-ƙiri a kan rairayin Agye da ɗanyen man Agadem aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi da tukwane, taki da awo mai kyau, kuma sakamakonsa zai fi na Benezuwela amfani ga manomin Gazawa.

Su kuma 'yan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga Kano, Legas, Agadas, Aljeriya ko Libiya don a sayi babur ɗin kabu-kabu, injin niƙa ko na ban-ruwa, akwai abin da ke hannunsu tun kafin a kai ga gyara. Daɓen siminti a ƙarƙashin inji da durom guda na tara baƙin mai suna hana litoci da yawa shiga ƙasa a kowace shekara. Man da aka tara wuri guda ana iya sayar da shi ko a kai inda za a sake tace shi. Wanda ya riga ya nutsa a jigawa kuwa, sai an haɗa taki, ciyawa, shinge da shekaru kafin wurin ya sake ba da hatsi.